Zariyar Shugaba Tolliver a Jikin Tumatir

Anti Loretta,

Don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai sa a buga ni a shafin farko na jaridarku maimakon wannan fili naki. Mijina ne. Ba ya neman mata, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Taimakona ya yi, kuma tun da nake ba a taɓa cutata kamar wannan taimako ba.

Ni ce mai kula da ɗakin tsofaffin takardu na wata ƙaramar jami'a a nan kudancin jihar Ohio ta Amurka, ba zan faɗi sunanta ba. Abin da muka fi ji da shi a ɗakin nan shi ne takardun Shugaba Amasa Tolliver, wanda ya riƙe jami'ar tun bayan yaƙin basasar Amurka har kusan ƙarshen ƙarni na sha tara. Ofishinsa ya ƙone bayan rasuwarsa. Abin da ya tsira akwatunan katako ne guda uku da aka manta a hasumiyar ƙararrawa, sai bara waccan da aka zo gyaran rufi aka gan su. Ɓeraye sun ɗan taɓa, ruwa ya ɗan taɓa, amma suna nan yadda ya bar su.

Ki riƙe wannan magana ta "yadda ya bar su", don a nan zancen yake. Tolliver mutum ne mai rowar tawada. Ba ya sa kwanan wata, ba ya sa sunan wanda yake ba amsa. Wasiƙa ta zo, sai ya yagi 'yar takarda ya rubuta hukuncinsa ya cusa kusa da ita. In magana ta ƙare, ya naɗe su gaba ɗaya ya ɗaure da wani jan ƙyalle siriri kamar zariyar wando. Kowane ɗauri magana ɗaya ce, kuma takarda ba ta da ma'ana sai da maƙwabciyarta. Shi ya sa abin da ake fara koya wa kowa a aikinmu shi ne kada ka sake jerin da ka tarar, ko da ya yi maka kama da aikin mahaukaci. Ni da sai na rubuta duk abin da ke cikin ɗauri ɗaya kafin in taɓa na biyu, ko rabin akwatin farko ban kai ba.

Sai gwiwata ta ƙi. Aka yi mini aiki a watan Yuni, na kwanta. Wendell, mijin nawa, ya yi ritaya daga gidan waya, rayuwarsa duk a rarraba wasiƙu ta ƙare, kuma tun da ya ajiye aiki yake zaune gaban talabijin kamar an zare masa laka. Ashe ya tafi wurin shugaban laburarenmu, wani Dokta Pruitt da bai san bambancin takardar tarihi da ta naɗe burodi ba, ya ce yana so ya ba ni mamaki. Shi kuma sakaran ya miƙa masa makulli.

Kullum da safe Wendell ya haɗa mini kofi, ya gyara mini matashi, ya ce zai je ganin abokai. Ni ko wawuya ina ta murna, ina cewa mutumin nan ya farfaɗo. Har waƙa yake yi a wanka.

Ranar da na fara takawa da sanda, na fita lambu in sha iska. Na ga tumatirinsa sun yi kyau, kowanne an ɗaure shi a jikin kara da jan ƙyalle. Na matsa kusa. Anti Loretta, na san ƙyallen nan kamar yadda na san zoben hannuna. Zariyar Tolliver ce, a jikin tumatir, cikin rana tsaka!

Na sa ya kai ni ofis a take. Ya buɗe ƙofa yana murmushi har kunne. Akwatuna uku wayam. Ya kwance kowane ɗauri, ya danne takardun da littattafai har suka miƙe, ya jera su bisa haruffa a sababbin fayil, kowanne da suna cikin kyakkyawan rubutunsa. Waɗanda ba su da suna kuwa, sai ya bi harafin kalmar farko. Akwai wata 'yar takarda da rubutun Tolliver, abin da ke jikinta kawai: "A'a. Ba dai ina raye ba." A'a ga me? A shekarun nan an yi rigimar ɗaukar mata karatu, an yi ta barin ɗalibai su yi kiwon aladu kusa da ɗakin kwana, an yi ta shigo da kayan kiɗa cocin makaranta. Wacce ya ƙi? Tambayar tana manne da amsar nan fiye da shekara ɗari. Ta tsallake gobara, ta tsallake ɓeraye, ba ta tsallake mijina ba.

Ihu na yi, amma abin da ya fito daga bakina zancen zariya ne kawai. Shi ya sa har yau yana zaton ƙyallen ne matsalar. Wai in yi haƙuri, da zarar tumatir sun nuna zai kwance, ya wanke, ya goge mini. Ya wanke! Ya gaya wa 'yarmu a waya wai maganin ciwo ne ke sa ni faɗa. Na koma kwana ɗakin baƙi. In ya ajiye mini abinci ji nake kamar in kifa masa a ka.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Pruitt ya sa sunansa a lambar yabo ta gwarzon ɗan sa-kai, za a ba shi a bikin tsofaffin ɗalibai cikin Oktoba, kuma wai ni zan miƙa don abin zai yi kyau a hoto. Wendell har ya kai kwat ɗinsa wanki.

Ga babbar. A aikinmu, duk abin da aka yi wa takardu dole a rubuta shi a shafin farko na jagorar da masu bincike ke karantawa: wa ya taɓa, me ya yi. Ban taɓa yin ƙarya a shafin nan ba. In na rubuta gaskiya, sunan mijina zai zauna a can har bayan mun mutu a matsayin wanda ya hargitsa takardun Tolliver, kuma wallahi wani lokacin hakan nake so, da manyan baƙaƙe. In na rufe, na ci amanar aikina, kuma na san halina, ba zan yafe masa ƙaryar da ya sa ni ba. In na faɗa masa, mutumin da ya fara waƙa a wanka zai koma kujerar nan, ƙila ba zai sake tashi ba.

Shekara talatin da 'yan kai muna tare. Kafin ya yi ritaya aikinsa na asuba ne, don haka shi ke kawo mini abincin rana, ya tsaya a bakin ƙofar ofis tunda ba a shiga da abinci. Ta yaya mutum zai tsaya a bakin ƙofa duk shekarun nan bai san abin da ake yi a ciki ba? Me zan rubuta, kuma me zan ce masa?

Mai Ciwon Gwiwa da Ciwon Rai

*

'Yar'uwa,

Fushinki a kan hanya yake, kuma ba magani ne ya kawo shi ba. An yi ɓarna, wata ma ba za ta gyaru ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da takarda kusa da maƙwabciyarta. Ba zan ce ki haɗiye don yana gyara miki matashi ba.

Sai dai ki raba fushin daidai. Kaso mafi tsoka na Pruitt ne. Wendell ya yi abin da gidan waya ya koya masa, a can tarin wasiƙu a hargitse abin kunya ne, mutumin kirki shi ke jerawa. Wanda aka ɗora a kujera don ya san ba haka ake yi a wurinku ba, shi ya ba da makulli ko waya bai buga miki ba. Ki same shi a ofis ki faɗa masa ido da ido. A janye lambar yabon nan. Kada ki kuskura ki hau dandamali ki miƙa wa mijinki abin da kika san ƙarya ne, don wata rana zai gano, kuma wannan zai fi yi masa ciwo nesa ba kusa ba.

Shafin nan kuwa, gaskiya za ki rubuta, amma da ƙananan baƙaƙe. An sake jerin takardun bisa haruffa, da izinin shugaban laburare, ɗan sa-kai ya yi aikin. In ƙa'idarku ta ce a sa suna, ki sa, na mai ba da izini a gaba. Shafin na mai bincike ne da zai zo bayanki, ba wurin ramuwar matar aure ba. Kuma kada kowa ya karanta shi kafin Wendell ya ji daga bakinki.

Ki faɗa masa cikin makon nan, a ofis, ba a kan tebirin cin abinci ba. Ki ɗauko abin da kika rubuta game da ɗauri ɗaya, ki nuna masa yadda takardun ke amsa wa juna. Sannan ki miƙa masa 'yar takardar "a'a" ki tambaye shi ta ina ce. Mutumin da ya tsufa a gidan waya ya san wasiƙar da adireshinta ya goge, ba sai kin ƙara komai ba. Zai ji ciwo ƙwarai. Ki bar shi ya ji. Ɓoye masa da kike tunani raini ne, ko da kin kira shi tausayi.

Kina tsoron ya koma kujera. Aiki ne ya tashe shi, kuma ga aiki jibge. Kin fi ni sani, takardun da suka kwana tare shekara ɗari tabon ruwansu ɗaya ne, cizon ɓeransu ɗaya, layin naɗinsu ɗaya. Shi ne kuma na ƙarshe da ya gan su a ɗaure. Ya zauna kusa da ke, da sharaɗin ba ya taɓa komai sai kin ce. Wasu za su koma mazauninsu, da yawa ba za su koma ba, ƙila "a'a" ɗin nan ba za ta sake samun tambayarta ba. Kina da ikon yin baƙin cikin wannan a gabansa.

Saura tambayarki ta bakin ƙofa. Na karanta ta sau biyu, sai na juya ta. Shekara talatin yana tsaye da kwano a hannu, sau nawa aka ce masa ya ajiye kwanon ya shigo ya gani? Ban ce laifinki ba ne. Amma ya shiga ne ranar da ba kya nan, don ita ce rana ta farko da wani ya buɗe masa.

Yau ki tura shi lambu ya kwance zariyar nan kafin ruwa ya sauko, ki kuma ja masa kunne kada ya wanke. Tumatir su nemi igiya. Gobe ki tafi da shi ofis, ki buɗe masa ƙofar da hannunki.

Allah ya ba gwiwar lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya dawo da ke ɗakinki.

Loretta