Damin da Talatu ta Ɗaure

Daga Salmanu a Gayam zuwa ga yayana Nababa a Zariya. Gaisuwa mai yawa da so da aminci. Yaya iyali, yaya ƙafar nan taka mai ciwo? Mu nan lafiya lau, dawa ta yi kyau bana.

Bayan haka, tsoho Mailafiya wakilin garinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ka san tun zamanin kakanmu gidansu ke kai maganarmu Birni, su ne kuma ke tarar baƙo in ya zo da doki da mashi. To bana an sami mai ja. Ɗansa Jaji ya fito, Bakoji maƙeri ma ya ce yana so. Aka yi yadda aka saba: kowane maigida ya kai damin dawa ƙofar wanda yake so. Wanda nasa suka fi tsibi shi ne wakili, ya kwashe duka, har na abokin karawarsa.

Zuciyata tana wajen Bakoji, don Jaji mai riƙo ne, har yau bai manta akuyar da ta ci masa wake muna samari ba. Amma kowane gida da irin ɗaurinsa, namu na Baba ko makaho ya shafa zai gane. Sai ƙaninka ya yi dabara. Na ɗaure ɗaya da hannuna na kai ƙofar Jaji ana kallo. Na biyun na sa matata Talatu ta ɗaure, ta biya da shi ta ƙofar Bakoji kamar mai dawowa daga gona. Ta yi ta yi mini dariya, wai mutum guda dami biyu, sai ka ce mai zance gida biyu. Jaji ya ci, ya kuma rungume ni a gaban mutane. Yanzu faɗa mini, ni da kai mai karatu, wa ya fi wayo?

Talatu da 'yarmu Hassana suna gaisuwa. Wasalam. Ƙaninka, Salmanu.

*

Daga Salmanu zuwa ga yayana Nababa. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni kam ba lafiya.

Da bazarar nan wasu mahaya suka fito daga yamma suka sauka a bakin daji. Suka aiko cewa ko a ba su mutane, ko su sa wa gari wuta. Jaji ya tafi a matsayinsa na wakili, muna zaton roƙo zai yi. Ashe ya amsa musu.

Yaya, dammunan nan na ƙofar Bakoji bai sussuke su ba. Rumbu daban ya yi musu. Da rana tsaka ya sa aka jere su a dandali, yana bi yana duban ɗauri yana kiran sunan gida. Duk gidan da ya kira, mutum ɗaya za su bayar. Bakoji shi aka fara sa wa igiya.

Da ya zo kan na ƙarshe sai ya tsaya, ɗaurin ba na kowane gida ba ne. Ya kira tsofaffin mata, ɗaya ta ce ai haka matan Kamuku ke ɗaure itace, ƙulli a ƙasa. Shekara da shekaru Talatu na shigo da itace gidana, ban taɓa duban ƙullinta ba. Mutuniyar Kamuku kuwa ita kaɗai ce a garin nan.

Na faɗi gabansa na rantse ni na sa ta. Ya ɗaga ni yana murmushi, ya kakkaɓe mini riga. Ya ce nawa damin da idonsa ya gan shi a ƙofarsa, ba zai bar mutuminsa ya yi wa kansa ƙazafi ba, macen da ke zagaye miji kuwa rabuwa da ita hutu ne. Talatu ba ta musa ba, ba ta ko dube ni ba. Da za a tafi da ita, abin da kawai ta ce, kada in bar Hassana ta koyi ɗaurinta.

Don Allah ka riƙa leƙa kasuwar bayi. Doguwa ce, tana da wushirya, da tabon wuta a hannun hagu. Zan sayar da gona da ni kaina. Zuciyata ta ƙone, Yaya. Ƙaninka, Salmanu.

*

Daga Salmanu zuwa ga yayana Nababa. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Fatake sun kawo mini saƙonka, na gode da yawon da ka sha da ƙafa mai ciwo. Ka huta hakanan, na ji an yi kudu da su.

Girbi ya zagayo, Jaji ya ce a sake zaɓe don ya ga ko har yanzu gari na son sa. Babu wanda ya fito ja. Dammuna sun toshe masa ƙofa, mutane na ture juna don ya ga fuskarsu. Har da matar Bakoji.

Ni ma na kai. Da safen ina wasa lauje, Hassana ta ce bari ta taya ni. Ina juyowa na tarar ta gama ɗauri, ƙulli a ƙasa, tana jira in yaba. Yaya, ban taɓa dukan yarinyar nan ba sai ranar. Na doki hannun har ya kumbura, na kwance damin na sake irin na Baba, na ja shi da kyau yadda Jaji zai gane daga nesa.

Har yanzu tana tambayata laifin me ta yi, ai haka Inna ke yi. Ban faɗa mata ba.

Wasalam. Ƙaninka, Salmanu.