Sun Noma Mini Gona Don In Zama Likitansu, Ni Kuwa Dabbobi Na Karanta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da na garinmu. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, bai kuma gyara komai ba.

Ni magidanci ne, na haura arba'in, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Na gama sakandare tun ina saurayi, mahaifina ya rasu, na ajiye takarda na ɗauki fartanya. Masara, waken suya da ɗan kiwo, da su na yi aure na haifi 'ya'ya. Garinmu ba shi da ɗakin shan magani, kuma in damina ta zauna rafi yakan raba mu da titi. A irin wannan damina ce surukar Baba Sarkin Noma, aminin mahaifina, ta rasu da naƙuda a bakin rafin nan. Ta bar yarinya ƙarama, zan kira ta Hajara, kakan ya ɗauke ta yana riƙo. Bayan sadakar bakwai Baba ya tara dattawa a ƙofar gidansa, ya ce tunda ni kaɗai ne mai takardar sakandare da bai gudu birni ba, in koma makaranta in karanto lafiya. Na ce gonata fa? Ya ce gonata ta zama ta gari, za a riƙa yi mata gayya har in gama.

Wallahi na tafi da niyya mai kyau. Amma a kwalejin da na nema aka duba sakamakona aka ce ba ni da kiredit a kemistiri, sashen lafiyar al'umma ba zai ɗauke ni ba. Wani malami ya ce in dai ina son karatu, akwai gurbi a wata kwalejin, sashen lafiyar dabbobi, in fara can, in sake jarrabawa, daga baya in sauya. Na tsaya ina tunanin in koma gida in ce wa mutanen da suka riga suka yi mini huɗa an ƙi ni? Da wane ido zan kalli Baba? Sai na karɓa. Da na dawo aka tare ni ana tambaya, na ce an dace, na ja bakina. Na ce a raina shekara ɗaya ce, zan gyara kafin kowa ya sani.

Karatun tsufa ba wasa ba ne. 'Yan ajinmu sa'o'in babbar 'yata ne, Baba suke ce mini, in malami ya shigo sai ya fara gaishe ni yana zaton uban wani ne ya zo. Kwamfuta kuwa sai da na yi mata gumi kamar ina noman fari. Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na sake jarrabawar, na ci kemistirin, hanya ta buɗe, ni ne na ƙi sauyawa. Na ƙi ne saboda ina son abin da nake karantawa. A ajin nan ni ne gwani. In aka kawo saniya, yaran nan na ja da baya suna toshe hanci, ni kuwa daga yadda take tsayuwa na san abin da ke damunta. Tunda aka haife ni ban taɓa zama na ɗaya a komai ba sai a nan. In koma wani sashen in sake zama tsohon da ake yi wa dariya a bayan aji? Na ce bari in ƙara zango ɗaya. Zangon nan shi ne har yau, ga shi ina shekarar ƙarshe.

Duk wannan lokacin gayya ba ta fasa ba. Ranar da aka sa, maza su fito da sanyin safiya, mata su dafa tuwo, har maƙwabtanmu na unguwar arewa da ba sa salla sukan zo da garmunansu, don sun ce ciwo bai san addinin kowa ba. In na zo hutu in tarar da rumbuna cike da hatsin da ban zubar wa gumi ba. Matata ta nuna wa mata hotona da farar riga, suna ya bi ni, Likita. Da farko nakan ce ban gama ba tukuna. Daga baya na fara duba ido, in ce a sha wannan a bar wancan. Kunya nake ji, amma ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ma nake ji.

Bayan girbin bara ina gida Hajara ta kwanta da zazzaɓi, tana amai, ba abin da ke zama a cikinta. Baba da kansa ya zo da ita a kafaɗa, ga allurar da ya aika aka sayo a kemis. Na ce a kai ta Malumfashi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, to me muke noma wa?" Sai na karɓi allurar. Na yi wa shanu da awaki allura ba adadi. Amma ɗuwawun yarinya ramammiya ba cinyar bijimi ba ce, kuma ba wanda ya taɓa koya mini inda jijiya ta bi a jikin ɗan Adam. Na soka inda na ga nama. Ihun da ta yi ba na zafin allura ba ne, a take na san haka. Zazzaɓi ya sauka, aka yi ta sa mini albarka. Da ta tashi, ƙafar hagu ba ta ɗaguwa, sai dai ta ja ta.

Baba ya kai ta asibiti a Funtuwa. Likitan ya ce allura ce ta taɓa jijiya, ya tambayi wanda ya yi, ya ce a riƙa kawo ta ana yi mata gashin ƙafar, in an dage da wuri akwai fata, in an bari ƙafar za ta shanye. Baba ya dawo ransa a ɓace ya same ni a zaure. Na ɗauka asirina ya tonu, har na ji wani sauƙi. Ashe da likitan yake fushi.

"Na ce masa wanda ya yi allurar nan ɗan makaranta ne kamarsa, ba ɗan kemis ba. Hassada ce, ba sa son talaka ya samu nasa. Ba zan ba su sunanka ba, ba kuma zan sake taka asibitinsu ba."

Na ce Baba a dai mayar da ita, gashin zai taimaka. Ya ce mayar da ita yarda ce da ƙazafin da aka yi mini, shi ya san iska ce, ana yi mata turare da rubutu, sauran kuma ni zan ƙarasa in na kammala. Na sake gwadawa ta wajen matata, na gwada ta wajen liman, amsar ɗaya ce. Dattijon nan yana kare mutuncina ne da ƙafar jikarsa. Abu ɗaya kaɗai zai sa ya ɗauke ta ya koma Funtuwa, shi ne in buɗe baki in ce likitan ya yi gaskiya, ni ban taɓa karanta jikin mutum ba.

Kun san abin da hakan ke nufi? Ba ni kaɗai zan faɗi ba. Matata, wadda har yau ba ta sani ba, da ita za a riƙa nuni a bakin rijiya. 'Yata da aka sa wa rana, wa ya san ko za a fasa? Mutanen da suka bar gonakinsu suka noma tawa damina bayan damina, me zan ce musu, in amayo musu hatsin? Ana iya kai ni gaban hukuma, kwaleji ta kore ni ana saura ƙiris. Baba kuma yana da hawan jini. Duk wannan na auna shi, kuma na san wani ɓangarensa tsoro ne kawai nake sa wa riga. Ina salla ina jin kamar ƙarya nake yi a tsaye. Na daina cin tuwon gidana da daɗi, don na san inda hatsinsa ya fito.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, sun fara gina mini ɗakin duba marasa lafiya a gefen masallaci. An buga tubali, gini ya kai taga. Da na je gani, Baba yana zaune a inuwa yana ba da umarni, Hajara na kawo wa magina ruwa a ɗan kwano, rabi na zubewa saboda jan ƙafa. Na lura ƙafar ta fara sirancewa, ta fi ɗayar ƙanƙanta, irin abin da idona ya saba ganewa a jikin dabba tun kafin mai ita ya gani. Baba ya tsokane ta irin wasan kaka da jika, ya ce amaryarsa ta kusa daina yi masa yanga, likitanta ya kusa fitowa. Ita kuma ta miƙo mini kwanon ta ce, "Baba Likita, in an gama ɗakin ni za ka fara yi wa?"

Na ce mata eh. Har a wannan ma ƙarya na yi.

Jarrabawata ta ƙarshe sai bayan damina. Zuciyata na ce mini in jira in karɓi takardar, ko ba komai in sami abin riƙe iyalina in gari ya juya mini baya. Amma ƙafar nan ba za ta jira damina ba, ni na fi kowa sani. Jama'a, ku dubi Allah ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?