Hannun Gus

Tashar sararin samaniya, Talata

Baban Imogen,

Gaisuwa mai yawa daga matarka da ke shawagi can saman kanka. Ina fata kana lafiya, kai da Imogen da Mama, kuma ruwan daminar Darwin bai sake shigo mana ta rufin kicin ba. Yaya gwiwar Mama? Ni jikina ƙalau, raina ne a ɓace.

Ka san Gus, kwamandanmu, wanda ya cinye mana rabin gasasshen kifi ranar walimar bankwana. To ƙarfe ya yanke shi a hannu yana gyaran famfo, bai kuma ga damar faɗa wa likitar tashar ba, wato ni. Sai ya dinga sa riga mai dogon hannu a inda kowa ke yawo da singileti. Jiya ya miƙa hannu zai cafko cokalin da ya tsere masa, na ga ya yamutsa fuska. Da na naɗe hannun rigar na tarar wurin ya kumbura ya yi jawur, ga zafi kamar murfin tukunya.

"Haba Likita, ɗan ƙwarzane ne fa," in ji shi. "A gonarmu waya ta yi min wanda ya fi wannan, baƙin mai na shafa na hau doki."

Clive, shekarun da na yi ina bin masu kiwon shanu cikin daji da jirgin asibiti, wannan maganar na sha ji har ta ishe ni. Ba sa kiran likita sai ƙafa ta fara wari. Na zaci na rabu da su, ashe an haɗo ni da ɗaya har nan. Na gaya masa nan ba gonar ubansa ba ce, a nan garkuwar jiki sanyi take yi, ciwo kuma ba ya saurin warkewa. Na zagaye jan da biro don in ga ko zai bazu, na fara ba shi magani.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kumbon da ya kawo mu ɗaya ne, kujerunsa uku: tawa, ta Gus, da ta Tavita injiniyanmu. Doka ce ba a barin mutum a tasha ba shi da abin gudu, saboda haka in ɗaya zai sauka, duka za mu sauka. Ko rabin wa'adinmu ba mu yi ba, kuma ka fi kowa sanin shekarun da na ɓata ina jiran wannan kujera.

Ka sumbatar min Imogen, ka ce ta daina kwana da karen nan.

Taka,
Narelle

Tashar sararin samaniya, Asabar

Baban Imogen,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan kowa lafiya. Na ga hoton mangwaron, ka yi don ka tsokane ni ne, kuma ka yi nasara.

Jan ya tsallake zanen biro, ya ja layi yana hawa wajen hammata, zazzaɓi kuma ya shigo. Na koma ba shi magani ta jijiya, amma a nan da abu ba shi da nauyi ƙarin ruwa ba ya ɗiga. Sai in ɗaure ƙafata a bango, in yi ta matsa ledar da hannu ina korar kumfa har yatsuna su sage. Shi kuwa da an kunna kyamara likitocin cibiyarmu da ke Adelaide za su gan shi, sai ya goge gumi ya washe baki yana tambayar su sakamakon ƙwallo. Su kuma su shiga taro, su fito su ce, "Ke ce kusa da shi, me kika gani?" Kowa yana tsoron a ce shi ya rushe tafiyar.

Wanda ya fi karya min zuciya Tavita ne. Mako mai zuwa zai fita daga cikin tasha ya yi aiki a sararin samaniya karo na farko. A ƙauyensu da ke tsibirin Savai'i an yi hayar babban allo za a kafa a harabar coci, mahaifiyarsa ta ɗinka wa dangi anko. Ya same ni ina haɗa allura.

"Yaya Narelle, don Allah ki ba maganin nan lokaci. Ana gama fitar ni da kaina zan ɗauke shi in cusa a kumbo."

Na ce, "Kai ne za ka gaya wa ƙwayoyin cutar su jira ankon mamarka?"

Ya juya ya tafi. Na ji haushin bakina, amma na fi jin haushin da ya sa ni zama muguwa a kan ciwon da ba ni na ɓoye ba.

Ɗazu Gus ya kira ni da sunan matarsa, sannan ya ce wasa yake. Ba wasa yake ba. Na kira Adelaide na ce a rubuta da sunana, a saukar da shi. Da muka taru cin abinci babu wanda ya dube ni. Na je taga na ga ƙasarmu tana wucewa, na yi kuka, hawayen ma a nan ba sa zuba, sai su taru su maƙale wa mutum a ido.

Ka gaya wa Mama kafin ta ji a rediyo.

Taka,
Narelle

Adelaide, Alhamis

Mijina,

Ina gaishe ka daga kan gadon asibiti. Yaya ku, yaya tarin Imogen? Gara da ba ku zo ba, nan ma ba za a bar ta ta shigo da tari ba. Mun sauka lafiya. Ƙafafuna ne ba su yarda da ƙasa ba tukuna, a keke ake tura ni kamar tsohuwa.

An shiga da Gus tiyata tun daga filin jirgi. Likitan ya ce cutar ta riga ta shiga jini, da mun jira fitar Tavita, da gawa za mu ɗaure a kujera. Tavita ya ji wannan da kunnensa. Ya gaishe ni, amma gaisuwar baƙo. Shugabanni sun yaba min ƙwarai, da na tambayi yaushe zan koma sai suka fara maganar matasa da ke layi. Na gane, kai ma ka gane.

Yau da safe na sa aka tura ni ɗakin Gus. Matarsa ta rungume ni har ta jiƙa min wuya. Ban je don godiya ba, amma ba zan yi maka ƙarya ba, na sa rai. Ya buɗe ido ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Likita, kin cika gaggawa," in ji shi. "Da kin bari, da ya warware da kansa."

Na buɗe baki, abin da ya taso min ba ya faɗuwa a gaban matar mutum. Shi kuwa ya ce barci yake ji, ya ɗaga hannu ya yi min alamar in tafi. Clive, da hannun nan mai ciwon ya kore ni, yatsu biyar cif suna motsi.

Ka zo ka ɗauke ni.

Matarka,
Narelle