Jakar da Ke Tsare Miki Kujera

Parung Panjang

Zuwa ga yayata Teh Kokom,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin? Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma 'yarki Lilis ba ta gama da ke da dafaffen ganye marar gishiri ba.

Kujerarki tana nan. Kullum kafin jirgin ƙasa na asuba ya tashi nakan ɗora jakar yadina a gefen taga, kamar yadda muka saba tun jirgin ba ya rufe ƙofa, samari a kan rufi, kaji a ƙarƙashin kujera. Yanzu gonakin shinkafa sun zama gidaje, baƙi sun cika gari, ba su san cewa mu na farkon layi ne ke tsare wa masu shiga a tashar Cisauk wuri ba. Jiya wani ɗan ofis mai ƙamshin turare ya tambaye ni ko jakata ta yanki tikiti. Na ce masa ta girme shi a jirgin nan.

Sai mun bar Cisauk nake ɗauke ta, in ce kin makara. Mang Ujang mai awara a bakin tasha ya ce tun da kika daina zuwa babu mai zagin man suyarsa. Ki warke ki dawo, ƙaryata ta kusa ƙarewa.

Taki,
Odah

Parung Panjang

Teh Kokom,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Allah Ya sa kaffara ne.

Lilis ta kira ni. Ashe tun kafin wancan saƙon ya iso an yanke ƙafar, kika hana a faɗa mini. Ni da nake gane yadin jabu ido rufe, ke kika sayar mini da "da sauƙi" na saya. Ta ce kin ce in daina faɗa da 'ya'yan mutane a kan kujera.

To, na ji. Yau a cinyata na riƙe jakar. Wata yarinya mai aikin shago ta zauna, ko gaisuwa babu. A Cisauk ƙofa ta buɗe, na san komai, amma sai da na duba fuskokin masu shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu kai rabin hanya barci ya kwashe yarinyar, kanta ya faɗo kafaɗata, daidai inda naki ke faɗowa. Har yawun ma irin naki. Ban tashe ta ba sai a tashar ƙarshe, Tanah Abang.

Ki gaida Lilis da yaran.

Ƙanwarki,
Odah