A Gaya wa Yarinyar Nan

Hartum, 5 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Yaya Kubra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna, da autarmu Duha, da maigidanki Abubakar Sadiƙ da yara. Ofishin ƙungiya ya dawo Soba, rabin rufin babu, waya kuma sai ta ga dama take shiga. Shi ya sa na koma takarda, ta hannun Rashid direban motar magani. Da Hausa na rubuto, da baƙin da Baba ya koya mana, don Rashid ba ya ganin takarda ya ƙyale.

Ga abin da ya taso. Mutanen ƙasar waje da suka ba mu kayan duba sankarar bakin mahaifa, waɗanda kike aiki da su kowace Alhamis a ɗakin shan magani na Alsawra, sun aiko da sabuwar ƙa'ida. A duk sanarwa, sun ce a daina cewa "mata su zo". A ce "duk mai bakin mahaifa ya zo". Hujjarsu ita ce a ƙasarsu akwai waɗanda aka haifa mata amma suna rayuwa a matsayin maza. Jikinsu yana iya kamuwa da cutar, amma in an kira mata ba sa zuwa. Ba sa son kira ya bar kowa a waje.

Na san abin da za ki ce. Sai dai suna son a naɗo musu muryar sanarwar yadda ake karanta ta a masallaci, kafin su yanke shawarar ci gaba da shirin a watan gobe. In ba su gamsu ba, dubar Alhamis ta tsaya. Na haɗo fassarar. Don Allah ki kai wa limaminmu Malam Muntari.

Ki gaishe mini da Inna. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Salahuddin


Alsawra, Umdurman, 10 ga Oktoba

Salah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa ya amsa gaisuwa. Tunda ka san abin da zan ce, da ka taimaka ka rubuta amsar da kanka ka huta da ni.

Na kai wa Malam Muntari takardarka bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, ya koma sama, ya ninke ta ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Kubra 'yata, shekara talatin ina riƙe da lasifikar nan. Na sanar da mutuwa, na sanar da ɓatan akuya, da yaƙi ya zo na sanar da inda ake rabon wake. Ban taɓa ambaton abin da tufa ta rufe ba. Ki ce mata su zo a duba lafiyarsu, in faɗa sau uku. Wannan kuwa, ma'alesh, sai haƙuri." Ka ga inda muka tsaya. Mutanenka suna son a ambaci gaɓar a bar matan, limaminmu yana son a ambaci matan a bar gaɓar.

Ban tsaya nan ba, don kada ka ce ban gwada ba. Jiya Alhamis na karanta wa matan da ke jiran layi, suna shan gahawar jabana a ƙarƙashin rumfa. Hanan mai sayar da gurasar kisira, wadda na karɓi haihuwarta sau shida, ta ajiye kofinta ta ce, "Ya Kubra, ni ina da shi kuwa?" Aka yi ta dariya, amma da gaske take tambaya. Cikin mata goma sha tara, uku ne suka san abin da ake nufi, biyu daga cikinsu malaman makaranta.

Ban raina hujjar mutanen nan ba, sun san ƙasarsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara goma sha bakwai ina ungozoma a unguwar nan. Na san kowace ƙofa, kuma ina gaya maka in an ce mata, babu wadda aka bari a waje. Bana mata uku suka zo mini bayan ciwon ya ci jiki, biyu sun rasu. Kalmar da za ta kawo ta huɗu da wuri, ita nake so.

Inna tana nan. Ita ke dafa jabanar duk Alhamis, ita ke tura masu jin tsoro ciki, har da zagi in ta kama. Ta ɗan rame, amma wa yaƙin nan bai rage ba? Ta ce a gaya maka ka daina cin abincin kasuwa.

Yayarka,
Kubra


Hartum, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na gode, har da rankwashin da ke cikinta.

Na fassara musu labarin Hanan. Jami'arsu, wata mata mai haƙuri, ta ce a can ma an yi wannan gardamar, har wasu ƙungiyoyi suka rabu biyu a kanta. Wasu na cewa cire kalmar mata shafe mata ne, wasu na cewa barinta ita kaɗai korar wasu ne. Ta yarda a haɗa, a ce "mata, da duk mai bakin mahaifa". Ƙasa da haka, ta ce, ba za ta iya kai wa shugabanninta ba.

Ni kuma ga nawa ra'ayin, ba na ofis ba. Kunyar da Malam Muntari yake karewa ita ce ta sa Hanan ta haifi shida ba ta san sunan jikinta ba. Ciwo ba ya jin kunya, Yaya. In liman ya faɗi kalmar sau ɗaya, bakin kowa zai saki. Kuma kin ce babu wadda aka bari a waje. Ke waɗanda suka zo kike gani. Wadda ba ta zo ba, ta ina za ki ƙirga ta?

Ki sake gwada Malam. In ya ƙi, ko ke ki karanta a naɗa. Sauran mako biyu.

Ƙanenki mai biyayya,
Salahuddin


Alsawra, 20 ga Oktoba

Yaya Salah,

Salam. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna, Hausata a baki take, a takarda sai a hankali. Na ba Rashid wannan a ɓoye, Yaya Kubra ba ta sani ba.

Ku biyu kuna ta aika wa juna takardu kan kalma, ni kuma wallahi na rasa wanda zan gaya wa. Inna ba ta da lafiya. Wata biyar ke nan tana ganin jini, ita da ta daina al'ada tun ina firamare. Na fara lura ne da ta hana ni wanke mata kaya, ta ce wai ba na fitar da datti. Ni da nake mata wanki tun ina shekara goma sha biyu! Sannan ta aike ni wurin matar Malam Muntari, in tambayo ko sallar mace mai irin wannan tana karɓuwa, in ce wata maƙwabciya ce. Na dawo na zauna gabanta na ce, "Inna, wace maƙwabciya?" Sai ta faɗa mini gaskiya.

Na ce, "To Inna, ke da kike tura mutane ɗakin duba duk Alhamis?" Ta ce, "Wa ke cikin ɗakin?" Na ce Yaya Kubra. Ta ce, "To. 'Yar fari ce. Ni da ban taɓa kama sunanta a bakina ba, ita zan kwanta wa ta buɗe ni? Gara ƙasa ta rufe ni." Halas, shi ke nan, ta juya baya.

Ka san yadda suke. Tun da na yi wayo ban ji Inna ta yi mata magana kai tsaye ba, sai dai "a gaya wa yarinyar nan", ko tana zaune kusa da ita. Yarinyar nan mai shekara arba'in da ɗaya! Da abin dariya ne a wurinmu. Yanzu ba na dariya, tsoro nake ji. Na karanta isasshe a jami'a kafin a rufe ta, na san abin da jinin nan kan iya zama.

Ta sa na rantse ba zan gaya wa yarinyar nan ba. Ba ta ambace ka ba, don bai zo mata a rai ba cewa za a gaya wa ɗa namiji. Ya'ni ban karya rantsuwa ba. Ka yi wani abu.

Ƙanwarka,
Duha


Hartum, 22 ga Oktoba

Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki buɗe takardar da ke cikin wannan. Ta Duha ce. Kada ki yi mata faɗa, kada kuma Inna ta san ta ina kika ji.

Na so in rubuta miki bayanin da kaina. Na riƙe biro tun safe har aka kira azahar, na kasa. Kalmar da nake matsa miki ki sa dattijo ya faɗa a lasifika, ni na kasa rubuta ta a takarda saboda a kan Inna ce. Ki ba Malam Muntari haƙuri a madadina, ko da bai san dalili ba.

Ban ji daɗin cewa tambayata kan wadda ba ta zo ba ta sami amsa ba. Ki gaya mini abin da zan yi daga nan.

Salahuddin


Alsawra, 25 ga Oktoba

Salah,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ban yi wa Duha faɗa ba.

Na ga ramar, na ɗora wa yaƙi. Na ga tana dafa bango in za ta tashi, na ɗora wa shekaru. Da Hanan ce, da tuni na ja ta ɗaki na rufe ƙofa. Amma ni ma ba na kallon Inna ido cikin ido, haka aka raine ni. Na yi maka alfahari cewa mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, ashe a kaina yake zuba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Jiya na ɗauko littafin da nake rubuta sunayen masu zuwa, na bi unguwar a raina ƙofa ƙofa, ina neman waɗanda babu. Inna babu. Surukata, uwar Abubakar Sadiƙ, babu. Ƙawayen Inna shida da suka yi zaman sunana, waɗanda suke taya ta kunyata, babu ko ɗaya. Ƙanwar Baba babu. Mata tara, duka sun haura hamsin. Sun ji kiran Malam sarai, sun san da su ake. Ni ce a bakin ƙofar.

Ga abin da za ka yi. Akwai Hala, ungozomar da muka yi makaranta tare, tana aiki a Jabal Awliya. Ba ta jin Hausa, ba ta da dangi a nan. Ka sa Rashid ya ɗauko ta ranar Alhamis, kuma daga yanzu sau ɗaya a wata. Malam Muntari zai sanar cewa baƙuwa ce za ta duba, Kubra ba ta nan. Ya yarda, wannan bai taɓa tufar kowa ba.

Batun kalmarsu kuwa, na karanta haɗaɗɗiyar da bakina, Duha ta naɗa, Rashid zai kawo maka. Ka gaya wa jami'ar cewa a lasifika ba za a faɗe ta ba, kada mu yi mata ƙarya. In sun karɓa, to. In sun ƙi, ka roƙe su su bar mana kayan har Alhamis ta wuce.

Yayarka,
Kubra


Alsawra, Alhamis, 30 ga Oktoba

Salah,

Assalamu alaikum. A tsaye nake rubutu, Rashid yana jira zai mayar da Hala.

Na wuni a gidan Hanan, bayan labule, inda ake hango rumfar. Cikin taran, shida sun zo. Inna ta dafa jabanarta, ta raba, ta wanke kofuna. Sai da layi ya ƙare ta gyara mayafinta na tob ta shiga. Ta daɗe.

Da Hala ta fito ta same ni, ba ta zauna ba. Ta ce a kai Inna babban asibiti ranar Lahadi, kada a ƙara mako. Ni ma haka nake faɗa wa dangi in na ga abin da ba na so. Ba mu san komai ba tukuna sai an gwada.

Na bi ta gida da la'asar kamar na zo gaisuwa. Inna tana kan tabarma tana tsince wake a tire. Na gaishe ta, ta amsa wa tiren. Can ta ce da Duha, ba ta ɗago ba, "Ranar Lahadin nan ke ki zauna ki kula da gida. A gaya wa yarinyar nan ita za ta raka ni."

Ina tsugune kusa da ita, gwiwata tana taɓa tabarmar. Na ce wa Duha ta gaya mata na ji.

Ka zo Asabar in hanya ta yi kyau.

Kubra