Kwanona Ya Shiga Gidan Hajiya Laure Bai Fito Ba

Anti Sauda, ɗiyata, ki taimaki tsohuwa, don abin da ke cina a rai in na faɗa wa mutanen gidanmu dariya za su yi mini. Ki yi haƙuri da rubutun, bokona na yaƙi da jahilci ne, malamin ma shi ya riga ni gajiya.

Ni mutuniyar Argungu ce. Bayan rasuwar Malam, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ɗauko ni ya kawo ni Gesse a Birnin Kebbi, gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ban rasa komai ba sai mutane. Shi yana ofis, matarsa Ɗayyaba tana asibiti wurin aikinta, jikoki suna makarantar kwana. Ni da fanka muke wuni, tana juyawa ina kallonta.

Likita ya ce jinina ya hau, in rage nono da man shanu da nama. Ɗayyaba kuwa dama ta daina cin duk abin da ya fito daga dabba, sai ta haɗa ni cikin jam'iyyarta, har da kifi, ni da aka yaye ni da romon kifi! Ta koya mini wani abinci. Ana jiƙa aya, a markaɗa da dabino, a tace, a zuba wata ƙwaya mai suna ciya, kamar riɗi amma baƙa. A motsa a sa a firji, sai ta kumbura ta yi kauri. Sannan a murƙushe sitiroberi, wani jan ɗan itace mai tsami-tsami da ake kawowa daga Jos, a zuba bisa. Ranar farko na rantse mata ƙwan kwaɗin fadamar Zauro ta kwaso mini. Yanzu kam, kada ki faɗa mata, har lashe cokali nake yi.

Ita Ɗayyaba ɗan kofi take aunawa, ni kuwa hannuna bai san girkin mutum guda ba. Rannan na haɗa, ciya ta kumbura, kwanon samira na aurena ya cika fal. Na zauna gabansa kamar mai gadin rijiya. Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa, Hajiya Laure, ban taɓa ganinta ba amma na san tarinta, na san tashar rediyon da take so. Na ce wagga tawa ce. Na rufe kwanon na ba mai gadinsu ya miƙa mata.

Ɗiyata, shiru. A Argungu kwano ba ya kwana gidan maƙwabci, kuma ba ya dawowa wayam, ko albasa ce za a jefa ciki. Nawa ya yi Juma'a ya sake wata. Kullum in aka taɓa ƙofa sai in gyara kallabi, ashe mai kawo ruwa ne. Yanzu in na ji tarinta sai in yi ƙasa da nawa, don kunya.

Ina so in ce wa yaron nan ya mayar da ni garinmu, inda in na yi atishawa gida uku za su amsa. Amma na san zai ji ciwo, dangi kuma za su ce Ɗayyaba ce ta kore ni da abincin kwaɗi, alhali yarinyar ba ta da laifi. In tafi, ko in zauna in ci gaba da hira da fanka?

Tsohuwar Gesse

Kaka, na gaishe ki da zaman kaɗaici, ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada ki ɗaure kaya tukuna.

Ki tsaya a matsayin Hajiya Laure. An miƙo miki kwano daga hannun mai gadi, ba sallama, ba suna, kin buɗe kin ga abu ja da ƙwayoyi masu santsi. Ke da kanki me kika kira shi ranar farko? Ga zafin Kebbi, madarar aya ba ta jure rana, in kwanon ya jira a bakin ƙofa, mai yiwuwa da tsami ya isa gare ta. Wataƙila ma ba ta san gidan da za ta mayar da shi ba, tana can tana jin kunya irin taki. Kin yi daidai da kika nemi maƙwabciya. Kuskuren kawai, kin aiki kwano inda ya kamata ƙafarki ta je.

Ki haɗa sabo, kaɗan. Ki sake motsawa bayan ɗan lokaci don kada ya yi gudaji, ki bar shi a firji har ya kama. Dabino kaɗan, ki tambaye ta ko tana da ciwon suga. Bayan La'asar ki yafa mayafi ki je da kanki, da cokali biyu. Ki murƙushe sitiroberin a gabanta, ki fara kai wa bakinki, ki ba ta labarin kwaɗin Zauro. Ko ba ta ci ba, za ta yi dariya.

Ɗanki kuma ki faɗa masa gaskiya, cewa kewa ke damunki, ba matarsa ba. Ya riƙa kai ki Argungu kina kwana biyu, ba nisa. Zancen kifi ki koma wurin likita, ina zaton zai bar miki gasasshe.

In bayan wannan duka zuciyarki tana can gida, ki koma, ba laifi. Amma ki fara ƙwanƙwasa ƙofar nan. Allah ya ƙara lafiya, ya haɗa ki da abokiyar hira.

Anti Sauda