Man Suyata Zai Shiga Injin Jirgin Mijina

Hajiya Delu, don girman Allah ki ba ni shawara. Ni mai suyar kifi ce a Wara. Maigidana yana da jirgin ruwa, yana tsallakar da mutane ranar kasuwa, bana ma ya sa masa sabon inji mai shan man gas, wato dizal.

Ƙaninsa Sadiq ya yi karatun haɗa sinadarai, yaron kirki ne, sai dai in ya sa abu gaba ba ya jin kira. Shi ya fara kwashe tsohon man da na gama suya da shi, ya tace, ya haɗa da wasu magunguna, wai ya zama man inji. Da farko dariya nake masa. Sai ya zuba a injin casar shinkafar maƙwabcinmu, ya tashi lafiya lau, baƙin hayaƙin nan ya ragu, unguwa ta ɗauki ƙamshin suya. Maigida ya gani, shi ke nan, wai jirgi za a zuba wa.

Hajiya, injin casa in ya mutu zama ake yi a jira bakanike. A tsakiyar ruwa wa za a jira? Yayana haka ya tafi, inji ya tsaya musu hadari na tasowa, har yau Inna ba ta zuwa bakin ruwa. Ga shi damina ta kama. Na yi magana, maigida ya ce tsoron mata ne. Abin da ya fi ci mini rai, man daga kaskona zai fito. In wani abu ya faru, da wane ido zan kalli iyalan mutane?

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Raina yana ba ni in zuba ruwa da gishiri a man kafin Sadiq ya ɗauka, injin ya ƙi tashi a gwaji, kowa ya haƙura. Ban yi ba tukuna. Yaya zan yi?

Mai suyar kifi, Wara

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan yayanki. Tsoronki yana kan hanya, kuma babu kunya a cikinsa.

Amma da farko, ki rufa wa kanki asiri, kada ki taɓa man nan. Gurɓataccen mai ba lallai ya nuna kansa a bakin gaɓa ba. Inji yana iya tashi garau, sai an yi nisa ya shaƙe. Kin ga da hannunki kin jawo abin da kike gudu.

Sadiq kuma ba shirme yake ba. Ana yin man inji da tsohon man girki, kuma in an yi shi da kyau hayaƙinsa ya fi sauƙi. Sai dai sababbin injuna sun fi tsofaffi tsantseni, ɗan datti ko ruwa kaɗan yana toshe su. Don haka nasarar injin casa ba ta wanke jirgi ba. A kai man wurin bakaniken da ya san irin injin, a fara da kaɗan a gauraya da gas, a riƙa duba matatar man injin. Gwaji kuwa kusa da gaɓa, rana tsaka, babu fasinja ko ɗaya, kowa da rigar hana nutsewa, kuma a bari damina ta wuce. Magungunan Sadiq su yi nesa da murhunki, suna kama wuta.

Ki zaunar da maigidanki da Sadiq, ki kira sunan yayanki a gabansu. Man naki ne, ki ce ba ya fita gidan sai an yarda da waɗannan sharuɗɗa. In sun ƙi, ki hana a fili, ido da ido. Allah ya tsare miki maigida, ya dawo da shi gida duk ranar da ya hau ruwa.

Hajiya Delu